Gwiwar Tawa Ce, Yaya

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya Inna da ciwon bayanta? Ya Anti da yara? Ni lafiya lau, in ka cire matakalar da nake hawa da sanda.

Na ji daga kocinmu cewa ka kira shi ka ce, "Yaron nan amana ne a hannunka, kada dai a yanka shi." Haba Yaya! A gida wannan ladabi ne, a nan kuwa sa hannu ne. Ya shiga ofishin likita yana washe baki, wai 'yan'uwana sun ƙi tiyata, a ɗaure a gasa, sati huɗu in koma fili.

Da ƙoƙon gwiwar ya fara gocewa ai haka aka yi, ban musa ba. Wannan karo na uku ne, kuma ba wanda ya taɓa ni, juyawa kawai na yi. Na karanta duk abin da hannuna ya kai, na tsare likita da tambaya har ya cire tabarau. Jijiyar da ke riƙe ƙoƙon ta tsinke, ɗauri ba zai ɗinke ta ba. Koci wasannin da suka rage yake hange. In na gurgunce, gobe wani zai sa rigata.

Na sa hannu da kaina. Ranar Talata za a yi aikin. Wata tara ba ƙwallo, wataƙila ma ƙungiyarmu ta sallame ni. Ka gaya wa Inna da bakinka, ta sa ni a addu'a.

Tsoro nake ji, Yaya. Lambata ba ta canza ba, ka kira ni kafin Talata.

Ƙaninka,
Bakin Reza