Tukwanen Rami Na Sha Bakwai

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Baba?

Lafiyata ƙalau, sai ɗan ciwon baya da bai kai a faɗa ba. A dai aiko mini da man zafi.

Ina nan ina haɗa rahoton tsofaffin tukwanen da muka tono a hanyar jirgin ƙasa. Ruwa ya wanke lambobin buhunansu, shugabanmu ya ce in rubuta “ba a san raminsu ba” in tafi gida. Na ƙi. Ina bin hotuna ɗaya bayan ɗaya. Mace ce ta gina su, Inna, ga shatin yatsanta kamar naki a jikin randarmu.

Sai kowace tukunya ta san raminta zan dawo. Ki sa mini albarka.

'Yarki