Zuwa ga Inna, Surukata, Wadda Ta Ce Ba Lalaci Ba Ne

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, Inna.

Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fatan kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ce Hajara 'yar Zakka, matar ɗanki na biyu, wadda aka kawo gidanki a Yasore tana rufe fuska. Yau na girme shekarun da kika bar duniya da su, amma wallahi har yanzu in na tuna idonki sai na gyara zama. Akwai maganar da kunyar surukuta ta hana ni faɗi kina da rai, yau zan faɗe ta, kowa ma ya ji.

Kin tuna haihuwata ta uku, shekarar da aka canza kuɗi? Biyun farko gidanmu na je wanka. Wannan karon kika ce ba inda za ni, ke za ki yi mini. Duk Yasore an san hannunki a wankan jego. Tukunya na tafasa, ki tsoma ganyen bedi, wato dogon yaro, ki fyaɗa mini, ina ihu kina cewa in rufe miki baki. Kwana arba'in, safe da yamma, ga kunun kanwa, ga gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Na fita jego fes, kowa na yaba ki.

Wata huɗu bayan nan jikina ya fara juya mini baya. Ana tsakiyar bazara, mutane na neman inuwa, ni ina zaune a rana lulluɓe da zane biyu. In na tashi da safe fuska ta kumbura, ido ya shige ciki. Abinci ba na ci sosai, amma sai ƙiba nake, har awarwaron hannuna ya maƙale sai da aka kira maƙeri ya yanke shi. Murya ta dushe, ta yi kauri, 'ya'yana suka riƙa waiwaye in na kira su. Kwana uku, huɗu, ban zaga bayan gida ba. Gajiya kuwa, Inna, ko daka mudu ɗaya sai na huta sau uku.

Matan unguwa suka yanke hukunci: sanyin jego ne, ba a gasa ni da kyau ba. Ni aka duba, amma ke aka zaga. Na ga yadda abin ya ci miki rai. Sai kika sake ɗora tukunya, kika maimaita mini wanka kwana ashirin, ruwan ya fi na farko zafi. Fata ta saɓule, sanyin yana nan inda yake.

Da wanka bai yi ba sai magana ta canza. Aka ce son jiki ne. Aka ce mijina ya samu aikin hanya, yana kawo shinkafa da madarar gwangwani, hutu ya ɓata ni. Ni kaina na yarda, shi ne abin da ya fi yi mini ciwo. In zuba gishiri sau biyu a miya, in manta me ya kawo ni ɗaki, in zauna in yi ta kuka ba dalili. Ran da barci ya sace ni a gindin murhu da goyo a bayana, har gefen zanen yarinyar ya fara hayaƙi, a ranar ne Baffa, wan mahaifin mijina, ya ce a mai da ni Zakka in huta, yarinya kuma a bar ta nan. Kowa ya san ma'anar wannan hutun. Aurena ne zai mutu, a kuma raba ni da 'yata tana nono.

Washegari kika kira ni ki yi mini kitso, abin da ba ki taɓa yi ba. Na durƙusa gabanki. Kina tsefewa gashi na biyo matsefi tuli-tuli. Kika ɗago haɓata kika daɗe kina kallo, kika ga wutsiyar girata ta zube, kika shafa hannuna da ya bushe kamar bayan ƙwarya duk da man shanun da kike ba ni. Sannan kika faɗi maganar da ban manta ba: ke a rugar Runka kika tashi, saniyar da ta kwanta ta bar tuƙa, makiyayi ba ya ce mata raguwa, dubawa yake yi. Mata nawa kika yi wa wanka, kin san sanyin jego, kin kuma san malalaciya, ni ba ko ɗaya.

Ke da kike cewa mota akwatin ajali ce, ke kika shige gaba ranar kasuwar Batsari. Malamin asibitin can ya riƙe hannuna yana duba agogo, ya ce bugun zuciyata na tafiyar hawainiya, ya rubuta mana takarda zuwa Katsina. A bayan babbar mota muka tafi, kan buhunan gyaɗa, kin ƙanƙame yarinyar da hannu ɗaya, ɗayan yana jan carbi. Duk ramin da muka faɗa sai kin yi salati kin tsine wa direba. Yanzu abin dariya yake ba ni.

Likita ya lalubi gaban wuyana, ya ƙwanƙwasa mini agara da 'yar guduma, aka ɗebi jini. Bayan mun koma karɓar sakamako ya yi bayani: akwai wata 'yar tsoka a gaban maƙogwaro, suna ce mata tayirod, ita ke hura wa jiki wuta. Tawa ta yi sanyi, shi ya sa komai nawa ya yi nauyi. Ya ce yakan sami mata, wani lokaci bayan haihuwa, kuma ba ruwansa da wanka. Na saci kallonki a lokacin. Kin gyara ɗaurin kallabi, kin ɗaga kai.

Da aka miƙo maganin kika raina shi. Ƙwaya ƙarama, ba ta fi ƙwayar dawa ba, a ce ita za ta yi abin da wankan kwana sittin bai yi ba? Amma ke kika riƙe kwalbar. Kullum bayan sallar asuba sai in ji takunki, ƙwaya ɗaya da ruwa zalla, kuma ba kunu ba ɗumame sai an jima, kamar yadda aka ce. Kafin kaka kumburin ya saɓe, murya ta dawo, na ji zufa a goshina na yi ta murna kamar an ba ni kyauta.

Sai na yi wauta. Da na ji garau, kin kuma mayar mini da kwalbar, na daina sha, wai na warke. Wata biyu sanyin ya dawo. Faɗan da kika yi mini ranar, ko uwata ba ta taɓa yi mini irinsa ba. Kika ce an gaya mini abokin zama ne har mutuwa, ni wace ce da zan sallame shi? Tun daga nan ban ƙara tsallake rana ba. Da azumi kafin sahur nake sha, kuma ina zuwa a duba jinina lokaci-lokaci. Na ƙara haihuwa huɗu lafiya. Duk macen da na gani tana jin sanyi cikin zafi, tana kumburi da mantuwa, ba na barin a kira ta raguwa, asibiti nake tura ta.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, Inna. Duk tsawon zamanmu na ɗauka Baffa ne ya huce don kansa. Sai bara, ɗanki, mijina, yana kwance a ciwon ajalinsa, ya gaya mini gaskiya. Ya ce a ranar da Baffa ya yi maganar an riga an kira malamin da zai rubuta takardar sakina, yana zaune a zaure. Kika fito da ƙullin kayanki a ka, kika tsaya gaban maza, kika ce a rubuta biyu, har da taki, domin in Hajara ta fita gidan nan ƙafarki ƙafarta, a Zakka za a binne ki. Malamin ya naɗe takardarsa ya tafi.

Shekara goma sha tara muka ƙara tare, ina kawo miki tuwo ina sunkuyar da kai, ba ki taɓa ko nuna mini a fuska ba. Haba Inna! Da kin bari na sani, ko sau ɗaya da na ajiye kunya na rungume ki.

Na gode, Inna. Na gode.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya tsaya miki ranar da ba mai tsaya wa wani. Ya haɗa mu a Aljanna Firdausi. Amin.

Taki har abada,
'yarki Hajara.