Ginshiƙin da na hana a yanka

Daren Laraba, cikin Shawwal, Tandabawi

Ƙafafuna sun kumbura, tun hantsi nake tsaye a rumfarmu ta hanyar Arfa. Mutumin baladiyya, wato hukumar gari, ya ce in ban gina ofis mai ƙofa a cikinta ba, ba za a sabunta mini takardar dafa abincin alhazai ba. Mata goma sha ɗaya ke jiran aikin nan.

Usta Haruna magini ya ja layin bango a ƙasa, sai ya zamana ginshiƙin ƙarfen tsakiyar rumfar yana cikin ɗakin. Ya sa aka ɗauko injin yanka.

Na ce, "Usta, kar ka taɓa shi, shi ke riƙe da rufin."

Ya yi dariya. "Ya Hajja, koma inuwa. Wannan ba aikin tukunya ba ne."

Abin ya ƙona mini rai. Ranar da marigayi maigida ya kafa ƙarfen nan, ni na riƙe masa igiya. Na jingina tsani, na ce ko ya hau ya duba ko ni in hau. Ina ɗora ƙafa ya riga ni. Ya jima a sama. Da ya sauko bai dube ni ba, ya ce, "Halas, shi ke nan, a mai da injin."

Da ginshiƙin a ciki ofishin zai matse, tebur ɗaya da kujera biyu, amma ya ishe ni. Saura kwana tara mutumin baladiyya ya dawo, ko bulo ɗaya ba a ɗora ba. Gobe ina idar da Asuba zan kama hanya, magina su zo su tarar da ni.