Rasuwar Malam Abdulmuttalib, Mai Binciken Jin Tarwaɗa

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Masuntan Kududdufan Cikin Birni, a ƙarƙashin jagorancin Alhaji Ɗanjuma Mustafa, ta karɓi labarin rasuwar uban ƙungiya kuma mashawarcinta, Malam Abdulmuttalib Isiyaku Madabo, tsohon malamin kimiyya, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata a gidansa da ke bakin Kududdufin 'Yardada, daura da Ƙofar Ɗan Agundi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ya ƙarar da ƙuruciyarsa da tsufansa a kan tambaya ɗaya wadda ta janyo masa dariyar gari: me kifin da ke kwance a ƙarƙashin taɓo yake ji? Yakan naɗe ƙaramar lasifika da roba ya zura ta cikin ruwa, ko ya sa a buga taɓarya a ƙasa daga nesa, ya tsuguna yana kallon yadda tarwaɗa ke zabura. Da haka ya nuna mana cewa jakar iskar da ke cikin tarwaɗa tana haɗe da kunnenta ta wasu 'yan ƙasusuwa, shi ya sa take jin takun mutum tun kafin inuwarsa ta faɗa ruwa, kuma idan ƙugin inji ya dame ta sai ta ƙi abinci, ta ƙi saka ƙwai. Yaran unguwa sun laƙaba masa Malam Kunnen Kifi, ya riƙa amsawa da fara'a. A hannunsa 'ya'yan wannan ƙungiya suka koyi cire takalmi da rage murya a bakin ruwa da zarar damina ta faɗi, kuma mun ga amfanin haka a komarmu.

A zamanin soja ya yi ta roƙon a hana motocin yashi bin gefen kududdufin, aka yi biris da shi, bai yi mamaki ba. Da aka koma mulkin farar hula ya ce mana yanzu kam za a saurara, domin da ƙuri'armu shugabanni za su hau. Da sandarsa ya bi layi ya jefa tasa. Ba a rufa shekara ba sai ga waɗansu zaɓaɓɓu, waɗanda suka sha shayi a zaurensa lokacin neman ƙuri'a, sun yanka gaɓar kududdufin filaye sun raba wa 'yan jam'iyya, aka kafa injin zuƙar ruwa, tifofi suka shiga juye ƙasa da shara tun daga hantsi har la'asar. Ya je ofishinsu ya zauna a benci har aka tashi, ya koma, ya sake komawa, kullum a ce ranka ya daɗe yana mitin. Ba mu ce wani ya kashe shi ba, ajali na Allah ne. Amma muna faɗa da babbar murya cewa ya bar duniya da baƙin ciki, kuma mu ma muna cikinsa. Kifin da ke binne a taɓo yana jin sawun yaro, mutanen da muka zaɓa kuwa ba su ji dattijon da ya tsaya a ƙofarsu ba.

Ranar jana'iza, 'ya'yan ƙungiya sun ɗauki makararsa babu takalmi a ƙafa, suka bi da shi ta gefen ɗan ruwan da ya rage, shiru, kamar yadda ya koya mana. Injin zuƙar ruwan bai tsaya ba ko da aka zo wucewa da shi.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga uwargidansa Hajiya Luba, da 'ya'yansa Malama Bahijja da Malam Maharazu, da ɗaukacin dangi na Madabo da almajiransa na makarantun boko. Allah Ya gafarta masa, Ya yalwata kabarinsa, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa, Ya ba iyalinsa juriyar wannan babban rashi, Ya kuma saka masa a kan abin da aka yi masa.

Daga ƙarshe, an sanar da mu cewa masu girma zaɓaɓɓun da muka ambata za su zo gaisuwa ranar addu'ar bakwai da ayarin motoci. Ba ma hana Musulmi gaisuwar mutuwa. Sai dai muna roƙonsu su kashe jiniya, su ajiye motocinsu a bakin ganuwa, su ƙaraso da ƙafa. Lokacin saka ƙwai ne, kuma 'yan tarwaɗar da suka rage a bayan gidan suna ji.

Sa hannu:
Alhaji Jafaru Ɗantani Soron Ɗinki
Sakataren Watsa Labarai
Ƙungiyar Masuntan Kududdufan Cikin Birni, Kano