Murtsunguwar Inna a Kan Bene

Yaya Gitae,

Na tafi kasuwar kifi, kana barci.

Na hau bene in buɗe tulunan daddawa su sha rana, sai na ga murtsunguwar marigayiya Inna inda ka shanya ta jiya. Gefe guda ya ƙone fari fat. Da na hana ka jiyan, ka ce, "Ke Boram, shukar hamada ce, me kika sani?" Na bar ka da iliminka, tunda a firamare na tsaya. Amma shekararta tara a bakin taga, ba ta san hamada ba, kamar yadda ba ka san wurin aiki ba.

Na jawo ta inuwa. In hadari ya haɗo, ka rufe tulunan, ka shigo da ita kada ta ruɓe. Ga ƙaya, safar hannu kuma tana wurina. Ka ɗauko murtsunguwar da digirinka.

Boram