Sun Je Bincike Unguwarmu, Inna

Assalamu alaiki Inna, ke da duk waɗanda kuke kwance tare a maƙabartar bayan unguwarmu. Ina gaishe ki a durƙushe, yadda kika koya mini. Rakiyarki ce daga Dubai. Na san ko da kina raye ba ki karatun boko, na kuma san waɗansu ne za su karanta wannan a madadinki. Su karanta. Tsoro ne ya cika mini ciki, ban san wanda zan kai wa ba sai ke.

Takwararki ta samu manemi. Ummi nake nufi, jikar da ba ki gani ba, wadda na sa wa sunanki. Yaron sunansa Mubarak, ɗan Kano ne, yana aiki a wata masana'anta a nan Dubai. Yaro ne mai kunya, in ya zo gidanmu a unguwar Karama ko ido ba ya ɗagawa. Ita kuwa ta mutu a kansa, da wayarta ta yi ƙara sai ta bar mini miya a wuta. Iyayensa sun ce sun ji, amma sai an yi bincike kamar yadda aka saba. Sun tura baffansa garinmu ya tambayo asalinmu. Tun ranar da na ji haka ban ƙara jin ɗanɗanon abinci ba.

Kin san abin da zai tarar. Zai tambayi gidanmu, a nuna masa hanyar bayan gari, a ce masa can unguwar kutare.

Ina tuna ranar da na shigo daga ɗiban ruwa na ji ƙaurin nama a tsakar gida. Har na yi murna, na zaci wani ya kawo mana sadaka. Ashe hannunki ne a jikin tukunya, kina ta hira da Iya Lami maƙwabciyarmu, ba ki ji komai ba. Na yi ihu, ke kuma kika dubi hannun kika ce, "Kai, wannan yarinya da tsoro take." Har yau in wani abu ya ƙone a kicin sai na tuna hannunki.

Ina tuna Islamiyya, yadda yara suke barin fili tsakanina da su a kan tabarma. Lafiyata ƙalau, ko tabo babu a jikina, amma sunana 'yar kuturwa. In na dawo ina kuka sai ki share mini hawaye da dungulmin hannunki, ki ce, "Su ne suka yi asara, ke kin samu wurin miƙe ƙafa."

Sai Sani malamin firamare, wanda ya nemi aurena. Ya rantse mini cewa shi bai damu ba, kuma na yarda har yanzu da gaske yake. Amma danginsa suka yi bincike. Ba wanda ya zo ya faɗa mana komai, aike kawai aka yi a karɓo kayan da suka kawo. Ranar ce kaɗai na ga kin rasa abin barkwanci. Kika ce, "Rakiya, ki yafe mini, ni na ja miki." Inna, wallahi ba ki ja mini komai ba, kuma wannan maganar ta fi tafiyar Sani yi mini ciwo.

Bayan rasuwarki wata Hajiya 'yar kasuwa ta taho da ni nan. Lokacin matan Hausawa da ke zaune a unguwar Al Buteen ba su da yawa, kowa ya san kowa. Na yi ta tuƙa tuwo ina kai wa 'yan kasuwa masauki, ba harshe, ba dangi, ga zafin da ban taɓa jin irinsa ba. Amma na ji daɗin abu ɗaya, ba wanda ya san hanyar bayan garinmu. A nan na haɗu da Idirisa, mutumin Maraɗi mai harkar kago, wato tura wa 'yan kasuwa kaya gida. Da ya yi maganar aure, na faɗa masa komai a cikin kwalekwalen da ke tsallaka da mutane ruwan da ya ratsa Dubai, don in zai gudu ya rasa ta inda zai bi. Ya yi dariya har mutane suka waiwayo, ya ce, "To sai me? Ke zan aura ko yatsun Inna? Khalas, c'est fini, magana ta ƙare." Da kin gan shi da kin so shi. Shi ma ya riga mu gidan gaskiya, da yana nan da shi zai tsaya wa 'yarsa.

Duk da haka tsoron bai taɓa sakina ba. Kullum in na yi wanka sai na duba jikina ko wani wuri ya yi fari. In lokacin sabunta biza ya zo aka tura mu gwajin asibiti, zufa nake yi a cikin sanyin na'ura, alhali na san ba ni da komai.

Ban ɓoye wa Ummi ke ba. Ta san labarinki tun tana ƙarama, ita ma ta faɗa wa Mubarak. Ya ce cuta ce kamar kowace, tana da magani, kuma ba gadonta ake yi ba. Gaskiya ya faɗa. Sai dai Sani ma haka ya yi ta ba ni baki, kuma ba yaro ne yake yanke magana a gidansu ba.

Jiya na kasa haƙuri na kira Iya Lami. Tana nan, ta tsufa sosai, idon ma ya tafi. Ta ce, "Baffan yaron ya zo, 'yar nan. Mutumin kirki, ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, har ya yi wa Innarki addu'a." Na fara jin sanyi a raina. Sai ta ce ta sa an kawo masa ruwa a sabon kofin da suke ajiyewa don baƙi, wanda ba mai ciwon da ya taɓa kai shi baki. Ya yi godiya sosai, ya ce yana azumi.

Na ce, "Iya, wace rana ya zo?" Ta ce, "Laraba."

Inna, Litinin da Alhamis na san mutane suna azumin nafila. Tun jiya nake nema masa uzuri. Na duba ko tsakiyar wata ne, ba tsakiyar wata ba ne. Na ce to wataƙila ya yi jinya da Ramalana, ramuwa yake yi.

Ban faɗa wa Ummi ba. Tana can falo yanzu da ƙawarta, sun baza yadin leshi suna gardamar kalar anko. Ɗazu ta leƙo ta ce, "Mama, yalla, yi sauri zo ki raba mu." Na ce ina zuwa. Ina tsoron ranar da za ta dube ni, ni kuma in ji bakina yana ce mata ta yafe mini.

Allah Ya jiƙanki, Inna. Ya haskaka kabarinki, Ya tashe ki da yatsunki cif, Ya haɗa ki da Idirisa ku gaisa. Allah Ya tsare zuciyar yarinyar nan. Ya Allah, Ka sa ramuwa bawan nan naKa yake yi.

Taki har kullum,
Rakiya