Makwancin Bindigar Baba

Turangi, 9 ga Yuni

Gwaggo Ripeka,

Gaisuwa mai yawa, da fatan gwiwar ta yi sauƙi.

Ki yi haƙuri, naman da na yi alkawarin kawowa ranar buɗe dutsen kabarin Baba bai samu ba. Na hau duwatsun Kaimanawa da bindigarsa. Da safe namijin barewa ya tsaya a gabana cikin dusar ƙanƙara, har ina ganin tururin hancinsa. Na ja kunama, sai ƙyas. Na sake, ƙyas. Ya dube ni, ya yi tafiyarsa.

Kuka na yi, Gwaggo. Kuma ban gaza wa bindigar ba. Na shafe ta da mai, na kwantar da ita kusa da murhu a bukkar mafarauta, ba kamar Baba da yakan yasar da ita a baranda ba. Ina ganin ta bi mai ita. Zan miƙa wa hukuma ita, baƙi su ci naman kanti.

Ɗanki,
Tamati

Taihape, 13 ga Yuni

Tamati,

Ina amsawa. Gwiwa tana nan, ba ta je ko'ina ba.

Naman kanti a taron ubanka Wiremu, mutumin da ya ciyar da rabin garin nan da barewa? Sai dai bayan raina!

Kai dai gata ka yi wa bindigar nan har ka cuce ta. Ƙarfe in ya shiga ɗumi gumi yake yi. Ka fita da shi, gumin ya daskare, man ya yi kauri kamar kakide, allura ta kasa dukan harsashi. Kakanka ne ya koya mana, ni da ubanka, a wannan bukkar. "Bindiga ba jaririya ba ce," in ji shi. Ubanka kuwa tausayinta yake ji, shi ya sa kowace yamma yakan ɗauki shayinsa ya fita ya taya ta zama. Ina kewarsa ƙwarai, sarkin taurin kai.

Kwance ta, ka goge man nan tas, ka koma. Saura mako biyu.

Ka gaida Moana da yara.

Gwaggonka

Turangi, 20 ga Yuni

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Ki sa a haƙa ramin gasa nama, babba, barewa ta samu.

A barandar bukkar bindigar ta kwana. Da yamma na fita da shayi, sai na ga inda katakon ya goge ya yi sul, daidai zaman mutum ɗaya. Nan na zauna. Sanyi ya ci ni, amma ban shiga da wuri ba.

Sai mun zo.

Tamati